GUZURIN ZUCIYA: Baituka Tara da Sharhinsu a kan Koya wa Samari da 'Yan Mata Haƙuri

Da sunan Allah nake farawa, kuma taimakonSa nake nema. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci zuciya ya naɗa ta sarauniyar gaɓoɓi. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har ranar sakamako.

Amma bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, ku sani abin da ya sa na tsara waɗannan baituka tara na kuma yi musu sharhi shi ne yawan kukan da iyaye ke kawowa zaurukan malamai a Jugu da Faraku game da 'ya'yansu da suka tasa. Wannan ya ce ɗansa ya daina magana da kowa, wancan ya ce nasa abu kaɗan sai ya yi jifa da kwano ya fice, waccan kuwa ta ce ɗiyarta ba ci ba barci, kuma an rasa gane kanta. Idan na tambaye su me suka yi, amsar ɗaya ce: "Malam, na ce masa ya yi haƙuri." To, mas'alar ita ce: shin uban da ya ce wa ɗansa ya yi haƙuri ya sauke nauyin da Allah ya ɗora masa, ko kuwa da saura? Abin da na fahimta daga littattafan magabata, da shekara sittin da 'yan kai da na yi ina zaune da mutane, shi ne da saura, kuma sauran ya fi abin da aka sauke yawa. Domin haƙuri aiki ne da ake koya, kamar alwala da karatu da saƙa, wanda kuwa aka umurce shi da aikin da ba a gwada masa ba, to ba a yi masa adalci ba. Allah ya yi mana muwafaƙa.

FASALI NA FARKO: A kan halin garuruwanmu

Ai madugu ba ya sakin ɗan ayari,
Sai ya gwada masa inda za ya ga rijiya.

Ka sani, ya ɗan'uwa, garuruwan nan biyu hanya ce ta raya su. Fataken Kano da Katsina da Sakkwato su kan ɗauko kanwa da tufafi da fatu, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki, su yada zango a Faraku da Jugu, wanda tsofaffinmu ke kira Zugu, sa'an nan su miƙe Gwanja su sayo goro a Salaga. A Jugu sarki yana Kilir, baƙi da malamai da 'yan kasuwa suna Wangara, Dandanci ya zama harshen ciniki. Tafiya ce ta watanni, kuma akwai samari da yawa a cikinta. Amma ayari yana da madugu, yana da jagaba, yana da uban dawaki. Saurayi ba ya tafiya da ka. Ana gaya masa inda ruwa yake, da inda ake kama baki, da abin da mutum zai yi idan jakinsa ya faɗi ko tsoro ya kama shi da dare.

Kasuwar Salaga ta watse bayan yaƙin basasar 1892. A 1936 dogon jirgin ƙasa ya iso Faraku daga Kwatano, tsawon kilomita 438, manyan motoci suka gaji jakuna, suna kwasar kaya zuwa Malanbil da Gaya da Doso da Yamai da Maraɗi. A ƙidayar 2013 kowanne daga garuruwan biyu da ƙauyukansa ya haura mutum 250,000. Tafiya ba ta ƙare ba, madugu ne ya ɓace. Saurayin Jugu ya kan tafi ƙodago gonakin ƙasar Yarabawa a Najeriya domin ya dawo da babur, wani ya nufi Aljeriya ko Libiya ta cikin hamada, yarinya a kai ta aikatau birni ko wata ƙasa. Wanda ya zauna yana kabu-kabu, ko yaron mota, ko dako a kasuwar Arzeke, ko yana lakwal da fargabar jarrabawar BEPC da BAC a kansa.

Sa'an nan abincin iyalai da yawa ya rataya ga iyakar ƙasa. Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta 2019, ba ta fara buɗewa ba sai Disamba 2020. A Mayu 2023 aka cire tallafin mai a can, man bumburutu ya yi tsada a nan. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, motoci suka tsaya jere. Duk sa'ad da irin wannan ya auku, uba ya kan shigo gida da ɓacin rai, yaro kuwa shi ne ƙarshen wanda ake tambaya yadda ya kwana. Inda babu madugu sai ɓarawo ya zama jagora: mai sayar da ƙwayar tramadol a bakin tasha yana sauraron yaro fiye da yadda ake sauraronsa a gida, waya kuma tana nuna masa dukiyar sa'o'insa dare da rana har ya raina abin da ke hannunsa.

FASALI NA BIYU: A kan haƙiƙanin haƙuri

Haƙuri sana'a ce, a koyar tun gida,
Bambanta shi da shirun da ke cin zuciya.

Malamai sun kasa haƙuri uku: haƙuri a kan yi wa Allah ɗa'a, da haƙurin barin saɓo, da haƙuri a kan masifa. A cikin ukun nan babu inda aka shardanta kada zuciya ta ji zafi. Ma'anarsa a wurinsu ita ce tsare harshe daga fushi da hukuncin Allah, da tsare gaɓoɓi daga ɓarna, alhali zafin yana nan. Dubi Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, ya kai kukansa ga Ubangijinsa, kuma da shi ake buga misalin kyakkyawan haƙuri. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahimu ya rasu, ya kuma bayyana wa sahabbai cewa wannan rahama ce. Masu tarihi ma sun kira shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalibi suka rasu shekarar baƙin ciki, ba su ga aibi a cikin sunan ba.

Amma shirun da ke cin zuciya wani abu ne dabam. Shi ne yaro ya haɗiye abin da ke ransa domin ya san idan ya faɗa za a yi masa dariya ko tsawa. Daga waje sai ka ce mai haƙuri ne, har a yaba masa. Tukunya ce aka rufe ruf a kan wuta. Wata rana za ta tunkuɗe marufi, ko ta ƙone daga ciki, kuma duka biyun muna ganinsu: ga mai faɗa a tasha, ga wanda ya shige ɗaki ya ja ƙofa.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 ta Hijira, watau 1111, ya bayyana a cikin Ihya'u cewa fushi halitta ce da ba a iya tumɓuke ta, kuma ba a so a tumɓuke ta, domin wanda ba ya fushi ko kaɗan ba zai yi kishin addininsa da iyalinsa ba. Ya ce mutane a kansa hawa uku ne: mai gazawa, da mai ƙetare haddi, da matsakaici, kuma ana kai wa ga tsakaici da ilimi da horo. Ke nan abin nema shi ne linzami. Linzami kuwa ba ya shiga bakin doki da umurni daga nesa, sai an matso an sa hannu.

FASALI NA UKU: A kan dalilin da ya sa wannan shekaru suka fi bukata

Girman jiki shi kan riga na hankali,
Balaga daban take, ɗan'uwa, da shiriya.

A mazhabar Imamu Maliku ana sanin balaga da alamominta, idan ba su bayyana ba sai a jira shekara 18 a bisa mashhurin zance. Daga balaga alƙalami ya hau kan mutum. Amma lura da hikimar Shari'a: a cikin Suratun Nisa'i an yi umurni a jarraba marayu, kada a miƙa musu dukiyarsu da balaga kaɗai sai an ga shiriya a tare da su. Ashe akwai rata tsakanin balaga da shiriya, kuma a cikin ratar nan samarinmu da 'yan matanmu suke zaune. Likitocin zamani sun tarar da abin da ya dace da wannan, domin sun ce sashen ƙwaƙwalwa na gaban goshi, wanda ke auna ƙarshen al'amari yana taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai an wuce shekara 20 da 'yan kai, alhali sha'awa da fushi da tsoro sun riga sun kai ƙarfinsu. Ingarman doki ne da ƙaramin mahayi.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce 1 daga cikin 7 na masu shekara 10 zuwa 19 a duniya yana fama da wata cuta ta zuciya da tunani. In an bi wannan lissafi, makarantar da ke da 'yan tasawa 70 tana iya samun wajen 10. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 386, watau 996, ya faɗa a farkon Risala cewa domin yara ya rubuta ta, saboda alheri ya riga sharri shiga zukatansu. Mun riƙe wannan a babin tsarki da salla, ya kamata mu riƙe shi a babin zuciya.

FASALI NA HUƊU: A kan guzurin, kuma shi ƙunshi huɗu ne

Ƙunshi na farko, sanin sunan abin da ake ji.

Ciwon da anka sani da suna ya ragu,
Na ɓoye shi kan zam dafi a cikin miya.

Abu Zaidin Albalhi, malamin ƙasar Hurasan da ya rasu a 322, watau 934, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfusi a kan lafiyar jiki da ta rai. Ya kasa cututtukan rai huɗu: fushi, da tsoro, da baƙin ciki, da waswasi, ya ba kowanne babinsa da maganinsa. Malamai kuma sun bambanta hammu da huzunu, suka ce na farko damuwa ce da abin da ke tafe, na biyu da abin da ya wuce. Hausa ma ba ta yi rowa ba: akwai takaici, da haushi, da zullumi, da fargaba, da kewa, da kaɗaici, da nadama, da ƙyashi. Amma yaronmu kalma biyu ya sani, "ba kome" da "raina ya ɓaci". Wanda bai san ko kunama ce ta harbe shi ko ƙaya ya taka ba, yaya zai nemi magani? Kada ka tambaye shi "Lafiya?" domin amsarta a shirye take tun kaka da kakanni. Ka ce, "Ɗana, na ga kwana biyu ba ka zama da 'yan'uwanka. Haushi ne, ko tsoron wani abu?" Sa'an nan ka yi shiru ka jira. Ya zo a cikin Buhari cewa Annabi ya tambayi wani ƙaramin yaro, ƙanen Anas, labarin ɗan tsuntsunsa, masu sharhi suka ce tsuntsun ya mutu ne yaron yana baƙin ciki. Shugaban halitta bai raina damuwar yaro a kan tsuntsu ba.

Ƙunshi na biyu, kwantar da jiki.

In zuciya ta hau, ka zauna, sha ruwa,
Ka yi alwala tukuna, ka bar wata tankiya.

Sunna ta koyar da mai fushi ya nemi tsari daga Shaiɗan, ya yi shiru, in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa, kuma ya yi alwala. Lura, yawancin maganin nan ta jiki ya biyo, domin wanda jininsa ke tafasa ba ya jin wa'azi. Ina ƙara wa almajiraina da numfashi: a ja iska ta hanci ana ƙirga 4, a sake ta sannu ana ƙirga 6, a maimaita sau 10. Likitoci sun tabbatar cewa tsawaita fitar numfashi yana rage gudun bugun zuciya, wanda kuma ya saba jan tasbaha cikin natsuwa ya san wannan ba tare da an gaya masa ba. Barci ma yana cikin magani. Mai wannan shekaru yana bukatar awa 8 zuwa 10, yaron da ya raba dare a kan waya ya tashi da asuba kuwa, ko kuda ya sauka masa sai ya yi faɗa. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta kan sa a dama wa masu makoki talbina, wani kunu na sha'ir, saboda abin da ta ji daga Annabi cewa yana sanyaya zuciyar mai baƙin ciki. Gazali kuma ya ce a bar yaro ya yi wasa bayan makaranta, domin hana shi wasa yana kashe zuciyarsa ya dushe basirarsa. Saboda haka ƙwallo da kokawa da langa ba ɓata lokaci ba ne matuƙar ba su ci lokacin salla ba.

Ƙunshi na uku, tanadin tunani.

Guzuri a kan ɗaure shi tun a cikin gari,
Ranar ƙishi wa zai tsaya tufkar igiya?

Wannan ita ce mafi kyawun fa'idar Albalhi. Ya ce kamar yadda mai hankali ke ajiye magani a gida tun yana da lafiya, haka ya kamata ya tanadi tunani masu kyau tun zuciyarsa tana kwance, domin ya ɗauko su ranar da ta rikice. A taimaki yaro ya zaɓi nasa, gajeru, ya haddace su kamar yadda yake haddace allonsa: jarrabawa ana sake ta, rai ba a sake shi, abin da ya same ni ya sami waɗansu sun miƙe, ba na yanke shawara da dare, sai gari ya waye.

A koya masa kuma ya kasa damuwarsa kashi biyu, abin da ke hannunsa da abin da ba ya hannunsa. Wani yaron mota ɗan shekara 17 ya zo mini a shekarar da aka rufe gada, ya rame, yana cewa rayuwarsa ta tsaya tare da motar. Na ɗauko allo na ja layi a tsakiya. A dama muka rubuta abin da ba shi da iko a kai: buɗe iyaka, da farashin mai, da halin maigidansa. A hagu muka rubuta abin da ƙafarsa za ta kai: ya gaya wa kawunsa gaskiyar bashin da ke kansa, ya nemi mai gyaran babur ya riƙa zama wurinsa, ya daina kwana a tasha. Na ce na dama a bar wa Allah, na hagu a ɗauki guda ɗaya gobe da safe. Wannan shi ne ma'anar abin da Annabi ya koya wa mai raƙumi, ya ɗaure shi sa'an nan ya dogara ga Allah. Wanda ya juya lamarin, ya kwana yana kokawa da abin da ba nasa ba ya bar nasa, ya tara gajiya da asara.

Ƙunshi na huɗu, amini.

Kayan da ya fi wuyanka, nemi mataimaki,
Tsinke guda ba ya da ƙarfin tsintsiya.

Kunya reshe ce ta imani, kuma al'adarmu ta sa kunya mai kauri tsakanin uba da ɗa, har waɗansu ba su kiran sunan ɗan fari. Amma magabata da suka rufe wannan ƙofa sun buɗe waɗansu. Akwai kaka da ake wasa da ita, da kawu, da goggo, da taubashi, da uwar ɗaki, da babbar ƙawa. Abin da ba ya faɗuwa gaban uba ya kan faɗu a ɗakin kaka. Yau iyali da yawa suna haya a ɗaki biyu a unguwar Zongo, kaka tana Gaya ko Kano, kunyar tana nan amma ƙofofin sun toshe. Saboda haka wajibi ne uba ya nema wa ɗansa babban da zai saki jiki da shi, ya ce masa a fili, "In akwai abin da kake jin nauyin gaya mini, je ka wurin kawunka, ba zan yi fushi ba." Kafin yaro ya yi tafiya kuma a tabbata ya san mutum biyu da zai kira in ya shiga ƙunci. Aminin nan sharaɗinsa riƙon amana, sai fa inda ake tsoron halaka.

Fa'ida. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya sun fitar da wani tsari mai suna EASE domin yara 'yan shekara 10 zuwa 15 masu fama da damuwa: zama 7 da yara, zama 3 da iyayensu, kuma wanda ba likita ba yana iya koyarwa in an hore shi. Abin da ke ciki shi ne gane abin da ake ji, da numfashi a hankali, da komawa ga ayyuka masu amfani, da warware matsala daki-daki. Wanda ya karanta abin da ya gabata zai ga kayan gidanmu ne suka dawo a cikin sabon buhu, hikima kuwa ɓataccen kayan mumini ce.

FASALI NA BIYAR: A kan mai koyarwa

Dukan fushi bai gyara yaro ko ɗaya,
Malam, idan ka fusata ajje tsumagiya.

Ba a koyar da natsuwa da tsawa. Muhammadu ɗan Sahnunu, wanda ya rasu a 256, watau 870, ya ƙuntata ƙofar duka ƙwarai a cikin littafinsa na ladubban malamai, malaman mazhaba kuma suka hana malami ya yi horo yana cikin fushi, domin a lokacin kansa yake rama wa. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 808, watau 1406, ya keɓe fasali a Muƙaddima yana bayyana cewa tsanani ga almajirai yana cutar da su, yana koya musu ƙarya da makirci da kasala. Anas ya yi wa Annabi hidima shekara 10 yana yaro, ya ba da shaida bai taɓa yi masa tsaki ba. Imamu Ahmadu ya ruwaito labarin saurayin da ya zo neman izinin zina, mutane suka taso masa, Annabi kuwa ya matso da shi kusa, ya yi ta tambayarsa ko zai so haka ga mahaifiyarsa da 'yar'uwarsa, sa'an nan ya ɗora hannu a kansa ya yi masa addu'a. Dokar yara ta ƙasar Benin ta 2015 ta hana dukan yaro a gida da makaranta, amma mu ba doka ce ta fara gaya mana ba.

Ya ku iyaye maza, yaro yana koyon fushi daga yadda kuke yi wa uwarsa magana, ba daga wa'azinku ba. Kada kuma a manta da 'ya'ya mata, domin su aka fi cewa su yi haƙuri, kuma su aka fi ƙarancin tambaya. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis suna zaga ƙauyuka suna karantar da mata. Malamai mata na Islamiyyunmu su ne magadanta a wannan aiki.

FASALI NA SHIDA: Tambayoyi da amsa

Idan ka ce, "Mu ba a koya mana ba, ga mu mun girma," sai in ce an koya muku, ba ku lura ba ne: a ɗakin kaka, da dandali, da bayan madugu. Kuma ba kowa ne ya fita lafiya ba, domin kowace unguwa ta san dattijon da ya haɗiye baƙin cikin ƙuruciya yana amayar da shi a kan matansa da 'ya'yansa.

Idan ka ce, "Ai zikiri ya isa," sai in ce ambaton Allah shi ne kan magani, babu ja. Amma shaihunan tarbiyya ba su taɓa ba almajiri wuridi su juya masa baya ba. Su kan zauna da shi, su tambaye shi abin da ke ɗarsuwa a ransa, su lura da cinsa da barcinsa. Wannan zaman shi nake kira gare shi.

Idan ka ce, "Wannan zai shagwaɓa su," sai in ce shagwaɓa ita ce ka ɗauke wa yaro kayansa. Abin da muke nufi shi ne a gwada masa yadda ake naɗa gammo.

TANBIHI

Ka haɗa du'a da zuwa wajen mai magani,
Allahu ya saukar da su don lafiya.

Albalhi ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauka ba dalili ya danne mutum, ya ce na biyun yana da asali a jiki, yana bukatar maganin jiki. To, idan yaro ya wuce mako 2 cikin ƙunci, ba ci ba barci, ya bar abin da yake so, ko yana jin muryoyi, ko ƙwaya ta kama shi, sai a kai shi ga likita tare da addu'a da ruƙya ta Shari'a. Babban asibitin koyarwa na Faraku yana da sashen masu ciwon tunani. A Jugu akwai gidan jinya na ƙungiyar Saint Camille, wadda Grégoire Ahongbonon ya kafa, Kirista ɗan ƙasar nan da ya yi suna wajen kwance marasa lafiya daga sarƙa. Ɗaure mara lafiya a mari da dukansa da sunan fitar da aljani zalunci ne.

Idan kuwa yaro ya ambaci mutuwa, kada a ce masa "kafirci kake so?" a wuce. A cikin Suratu Maryam, sa'ad da naƙuda da tsoron bakin mutane suka sa Nana Maryamu ta yi burin da ma ta riga ta mutu, ba a yi mata tsawa ba. An kira ta aka lallashe ta, aka nuna mata ruwa da dabino, aka ce ta ci ta sha. Haka za a yi. A tambaye shi a fili ko yana tunanin halaka kansa, domin tambayar ba ta shuka tunanin, sauƙi take kawowa. Kada a bar shi shi kaɗai, a kulle maganin ƙwarin auduga da sauran guba, a kai shi asibiti a ranar.

CIKAWA

Ya ɗana, ya ɗiyata, jin zafin rai ba raunin imani ba ne, annabawa sun ji shi kafin ku. Ya ku iyaye da malamai, ku makiyaya ne, kuma za a tambaye ku abin kiwonku. Kalmar "yi haƙuri" gaskiya ce, ku ci gaba da faɗinta, amma ku zauna bayanta ku koyar.

Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya yaye wa masu ƙunci ƙuncinsu, ya komo da matafiyanmu gida lafiya, ya zaunar da ƙasashenmu cikin aminci, ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Allah shi ne mafi sani. Ya cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonSa, tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Amin.